Ma'aunin da ke Hannun Wani: Ma'aikacin Yamai da Sanin Kansa

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Yamai ya san takardar nan ta maki. Shekara-shekara ake cika ta. A sama akwai sunan mutum da ranar haihuwarsa, da ranar da aka ɗauke shi aiki, da matakin da ya taka. A tsakiya shugabansa ya ba shi maki bisa ashirin, kamar yadda mushe ke ba ɗan lakwal, ya ƙara layi biyu ko uku na yabo ko na suka, ya sa hannu, ya buga hatimi. Daga nan takardar ta haura wurin na sama, shi ma ya sa nasa hannun, sai a mayar da ita ma'ajiya har ranar da za a duba ko mutum ya cancanci ƙarin girma. Kowa ya yi magana a wannan takarda in ban da mutum ɗaya. Mai aikin, wanda ya kwashe wata goma sha biyu yana fama da shi, wanda ya san inda hannunsa ya faɗa da inda har yanzu lalube yake yi, shi ne ba a nemi bakinsa ba. An ɗora shi a sikeli kamar buhun gero, an karanta nauyinsa, an sauke. Abin da nake son nunawa shi ne, tun ranar da Yamai ta zama garin ofisoshi ma'aunin ma'aikaci a hannun wani yake, ya tashi daga hannun kumandan zuwa na jam'iyya, daga nan zuwa na soja, sannan na masu ba da bashi. Wannan ne ya hana auna kai ya zama ɗabi'ar wurin aiki, alhali a kasuwar da ke gindin ofisoshin nan ɗabi'ar tana nan da ranta.

Yamai ba irin su Damagaram ko Katsina ba ce, garuruwan da Bature ya tarar da ganuwarsu da fadarsu da sarakunan sana'o'insu. Ƙauyuka ne a gaɓar kogin Isa, su Maourey da Kalley da Gaweye, ga Gamkalle da Yantala a gefe, sai Zongo inda fatake Hausawa ke sauka. A 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, Faransawa suka ɗauke cibiyar mulkin Nijar daga Damagaram suka maido da ita nan, saboda ƙarancin ruwa a can da kuma kusancin garin da Kano ta Ingilishi. Ke nan ofis ne ya haifi birnin. Aka yanka tudun Filato aka gina wa Turawa gidaje da ma'aikatu, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin baƙar fata. Ofis kuwa yana buƙatar akawu da tafinta da mai buga tafireta da malamin asibiti, ga shi 'yan ƙasar da suka shiga lakwal ba su taka kara sun karya ba. Sai aka yi ta kawo ma'aikata daga Dahomey da Togo da Senegal. 'Yan Nijar ƙalilan ne suka kai makarantar William Ponty ta Senegal, inda ake horar da manyan ma'aikatan Afirka ta Yamma. Boubou Hama ya fito daga cikinta a 1929 a matsayin malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya kai wannan matsayi, daga baya Diori Hamani da Djibo Bakary suka bi sahu.

Me ake aunawa a jikin waɗannan mutane? Kyan rubutu da iya Faransanci suna ciki, amma abin da ya fi nauyi a sikelin shi ne biyayya, da kuma ko mutum yana da abin da Bature ke kira mugun tunani, wato yawan tambaya da hulɗa da 'yan siyasa. A lokacin akwai dokar andijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure talaka har kwana goma sha biyar ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ko da matsayin akawu ya tsirar da shi daga wannan doka, shi ne ke rubuta sunayen waɗanda ta hau kansu, ya kuma san layi ɗaya na suka a takardarsa ya isa a cilla shi Bilma ko Ngigmi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai je wurin shugabansa ya ce, “Ranka ya daɗe, lissafin haraji yana ba ni wuya, a koya mini” ba, don ya san ya miƙa bulalar da za a dake shi da ita. Sanin ƙarfinsa ma bai amfane shi da kome ba, tun da an raba ma'aikata gida-gida, na Turawa a sama, na 'yan ƙasa a ƙasa, kuma kome gwanintar baƙin mutum akwai rufin da kansa ba ya wucewa. Abdou Moumouni, masanin nan da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi bayani a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka cewa makarantar mulkin mallaka an gina ta ne don ta samar wa Bature mataimaka, kuma ta raba karatu da aikin hannu, abin da tarbiyyar gargajiya ba ta taɓa rabawa ba. Mataimaki kuwa ba a buƙatar ya san kansa. Abin da ake so ya sani shi ne ran maigidansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa sun sassauta. An soke andijena da aikin tilas a 1946, dokar Lamine Guèye ta 1950 ta yi alkawarin daidaita haƙƙin ma'aikata baƙi da farare, aka kuma sami dokar ƙwadago ta ƙasashen ƙetare a Disamban 1952. Sai dai takardar maki ta tsallake duk waɗannan sauye-sauye lafiya lau, ta kuma tsallake ranar samun 'yancin kai, 3 ga Agustan 1960. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke riƙe da alƙalami. An haramta jam'iyyar Sawaba tun 1959, jam'iyyar PPN-RDA ta zama ita kaɗai, aka shiga duba wa ke tare da mu, wa ke tare da su. Sannan a ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi tsakanin Nijar da Dahomey, gwamnati ta sallami ma'aikata 'yan Dahomey, kujeru da yawa suka zama wayam cikin ɗan lokaci. Matasan da suka hau kujerun nan sun yi ƙoƙari, kuma makarantar ENA da aka kafa a waɗannan shekaru ta yi aikin horar da su. Amma a tuna halin da suka samu kansu a ciki. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfin gogewarsa, ga mashawarci Bafaranshe a ofishin da ke kusa yana jiran ya ga kasawarsa, ga dangi a ƙauye suna cewa ɗanmu ya zama babban mutum. Kalmar “ban sani ba” ta yi masa tsada ƙwarai. A ganina a nan ne ɓoye rauni ya tashi daga dabarar tsira da kai ya koma wani ɓangare na martabar kujera.

Sai zamanin da har gobe ake kafa hujja da shi. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanar-Kanar Seyni Kountché ya kifar da shugaba Diori, ana tsakiyar fari da yunwa, ana kuma zargin an yi sama da faɗi da hatsin agaji. Tsofaffin ma'aikatan Yamai ba su gajiya da ba da labarin safiyar da za a ga motarsa ta tsaya a ƙofar ma'aikata ba sanarwa. Ya shiga da kansa, ya bi ofis-ofis, ya ga kujerar da babu kowa, ya tambayi ina mai ita, ya buɗe rajista ya karanta. Wanda ya zo a makare ya tarar da shugaban ƙasa ya riga shi isowa. Haka yake yi wa asibitoci da rumbunan hatsi, haka kuma yake tara manyan ma'aikata a taro ya tsare darakta da tambayoyi kan alƙaluman ma'aikatarsa, jama'a na saurare. Ya dace da shekarun da kuɗin yuraniyom ke shigowa daga Arlit da Akouta, albashi yana fita a kan kari, ana gina su otal ɗin Gaweye da babban zauren taro a bakin kogi. Mai cewa tsoro ya yi aiki yana da hujjarsa, kuma ba zan raina ta ba. An zo aiki a kan lokaci, an ji tsoron taɓa dukiyar gwamnati, talaka ya ga babban mutum yana rawar jiki, ya ji sanyi a ransa. Wanda ya sha wulaƙanci a bakin tagar ofis a shekarun da suka biyo baya, in ya yi begen wancan zamani ba a ce ya yi wauta ba.

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya rage bayan idon nan ya rufe? Kountché ya rasu a Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987, Ali Saibou ya gaje shi ya sassauta igiya, kuma ba a daɗe ba aka koma kukan makara da fashi da sakaci. Mutanen ba a sauya su ba, su ne dai na jiya. Da a ce shekara goma sha uku na sintiri sun dasa wani abu a zuciyar ma'aikaci, da an ga tsironsa bayan mai sintirin ya kau. Abin da aka koya shi ne aikin ganin ido: ka san ƙarar motar maigida, ka gyara tebur, ka tanadi amsar da ba za ta jawo maka fushi ba. Mutumin da ake iya tsigewa a gaban jama'a saboda kuskure ɗaya zai ƙware wajen binne kuskure. Idon da kansa ma bai ga kome da kome ba. A Oktoban 1983, Kountché yana Faransa wurin taro, aka yi yunƙurin kifar da shi, kuma wanda ya kitsa abin shi ne Amadou Oumarou Bonkano, amininsa na kusa kuma jigon hukumar leƙen asirinsa. Bankin BDRN, wanda aka kafa don raya ƙasa, a waɗannan shekarun na tsanani ne basussukan da ba a biya suka yi ta cin sa kamar gara, har aka rufe shi a 1990. Akwai ma'aikatan da suka ga ɓarnar tana tafe, amma tsarin bai tanadi ƙofar da mutum zai bi ya ce mun yi kuskure ya kuma kwana a gidansa ba. Kafin nan ma farashin yuraniyom ya faɗi, an shiga yarjejeniya da asusun IMF a 1983, aka sami sabon mai riƙe da sikeli daga Washinton, wanda shi yawan ma'aikata da nauyin albashinsu yake aunawa, bai san fuskar kowa ba.

Yanzu a sauko daga Filato a shiga kasuwar Katako, wurin masu zubin tukwanen dalma. Ana tara gwangwanaye da tsofaffin kayan injin mota a narka su a wutar gawayi. Ana cika akwati da ƙasa mai ɗan danshi, a danna tsohuwar tukunya a ciki ta bar siffarta, a cire ta, a haɗa akwatin, a zuba narkakken ƙarfe ta wata 'yar kafa. In ya huce sai a fasa ƙasar, tukunya ta fito, a bi ta da magagari. Yaron da aka kawo koyo ba ya taɓa zubi da farko. Ɗaukar gawayi yake yi da tankaɗe ƙasa da hura wuta, sannan a bar shi ya gwada murfi ko ludayi, sai an ga hannunsa ya zauna a ba shi tukunya. Ranar da ya fasa ƙasa tukunyarsa ta fito da ƙananan huji, ko gefe ɗaya bai cika ba, ba ya buƙatar kowa ya ba shi maki. Zai ƙwanƙwasa ta ya ji amonta, ya zuba ruwa ya ga inda take tsatsafo. Maigidan zai tambaye shi, “Me ya jawo haka?” Dole ya amsa da bakinsa, ko ƙasar ce ta yi ruwa da yawa, ko ya bari ƙarfen ya fara hucewa kafin ya zuba. Sai a jefa tukunyar cikin wuta a sake narka ta. Abubuwa uku sun haɗu a nan waɗanda ofis bai taɓa haɗawa ba. Aikin da kansa yana faɗin gaskiya nan take. Mai aikin ne ke furta dalilin kuskurensa. Kuskuren kuma yana da hanyar komawa wuta, ba ya bin mutum a kundi har ranar ritaya. Haka abin yake a shagon tela inda yaro ke farke ɗinkin da ya karkace, da garejin da ake sake kwance injin da aka ɗaure ba daidai ba. Yaye ma ba a yin sa da lissafin shekaru kawai, sai yaro ya kai inda yake ganin aibin aikinsa kafin maigida ya gani.

Za a ce mini al'adarmu ba ta yarda da wannan ba. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, Bazabarme ma yana da tasa kunyar, to ta yaya mutum zai zauna gaban na gaba da shi yana lissafa abin da ya iya? Wannan magana ta haɗa abu biyu da mutanenmu suka daɗe da rabawa. Cika baki daban, sanin iyakar kai daban. Telan da aka kawo wa aikin babbar riga ya ce, “Alhaji, wannan ba fannina ba ne, je wurin wane, ni kaftani na iya,” ya faɗi ƙarfinsa da rauninsa a numfashi ɗaya, kuma babu mai cewa ya yi rashin kunya. Mai gaskiya ake kiransa, gobe ma wurinsa za a dawo. Harshen da ya hana yabon kai shi ne kuma ya yi wa gwano dariya don ba ya jin warin jikinsa. Ta fuskar addini ma abin yana da suna, muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Akwai malamin Bagadaza da ya rasu a 857 wanda wannan ɗabi'a ta zame masa laƙabi, Harisu al-Muhasibi. Imam Gazali ya ware mata babi a Ihya'u, inda ya kwatanta ta da lissafin da ɗan kasuwa ke yi da abokin cinikinsa don ya san uwar kuɗi da riba da hasara. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daular Gwandu da ya kafa ta yi tasiri har yankin Say da ke kudu da Yamai, ya taɓa barin rundunar jihadi wajajen 1807 don ya auna ɓangarensa ya ga son duniya ya fara shigarsa. Saboda haka mai cewa auna kai baƙon abu ne da Turawan ƙungiyoyin agaji suka kawo bai duba gidansu da kyau ba. Baƙon abu shi ne takardar da ta hana mai aiki magana.

Ba na cewa kasuwa aljanna ce. Akwai maigidan da ke riƙe yaro shekaru yana ci da guminsa, akwai mai ɓoye sirrin sana'a har ya mutu da shi, akwai makanikin da bai taɓa cewa bai gane ciwon mota ba. Bambancin shi ne irin wannan ba ya daɗewa asirinsa bai tonu ba, don motar za ta sake tsayawa a hanya. Aikin ofis ba shi da tukunyar da za ta yi yoyo a gaban mai ita. Takardar da aka ajiye wata shida ba ta kuka, wanda ya cutu yana can Tanut ko Filinge, ba zai taɓa sanin a teburin wa ta kwana ba. Shi ya sa ofis ya fi kasuwa buƙatar mutum ya riƙa tambayar kansa. Sau ɗaya Nijar ta gwada yin haka a matsayin ƙasa. Bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, da yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta USTN, da zanga-zangar mata ta 13 ga Mayun 1991, aka buɗe babban taron ƙasa a zauren wasanni na Yamai ranar 29 ga Yulin 1991. Wakilai wajen dubu da ɗari biyu suka zauna har 3 ga Nuwamba ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ana watsawa a rediyo, mutane na kasa kunne a kasuwa da tasha. An kafa kwamitin binciken laifuka da cin amana, an kira manya sun amsa tambayoyi, an faɗi abubuwan da shekara talatin ba a iya faɗa. Babban aiki ne, kuma da shi aka samu walwalar da aka yi ta tinƙaho da ita. Amma laifi tudu ne. Kowane rukuni ya zo da lissafin ɓarnar wani, an auna soja, an auna jam'iyya, an auna 'yan kasuwar da suka ci bashin banki, ba a ga ranar da ma'aikata suka ware don su auna irin hidimar da su kansu ke yi wa talaka ba.

A nan ne hujja mafi ƙarfi take, kuma dole a saurare ta. Shekarun 1990 sun yi wa ma'aikacin Nijar mugun kamu. Albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, makarantu suka yi shekarun da ba a kammala ba. Mutumin da ke bin gwamnati bashin wata huɗu, mai gidan haya na jiransa a ƙofa, in ka ce masa ya zauna ya lissafa rauninsa, zai ce ka fara lissafa naka. Yana da gaskiya. Gwamnatin da ba ta sauke nata nauyin ba ba ta da bakin neman ma'aikaci ya tone kansa. Sai dai binciken da aka yi a Yamai ɗin nan ya nuna yunwa ba ita kaɗai ba ce. Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a 2001 da masana irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou, ta kwashe shekaru tana zama a asibitoci da kotuna da ma'aikatu tana kallon yadda ake aiki a zahiri. Wani littafi da ya fito a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar, Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, ya nuna yadda marar lafiyar da ba shi da kowa ke shan wuya, mai dangi ko sani a ciki kuwa a karɓe shi hannu biyu. Masanan sun nuna akwai dokar takarda, akwai kuma dokar da kowa ke bi ba a rubuta ta ba, kuma shugaban da ya yi niyyar hukunta wani sai roƙo ya yi masa yawa daga sama da ƙasa har ya haƙura. Amma sun kuma tarar da wasu mutane, ungozoma a nan, shugaban ɗakin shan magani a can, waɗanda albashinsu ɗaya da na kowa, kayan aikinsu ɗaya da na kowa, suka gyara wurinsu daga ciki. Ba mai sintiri a kansu. Sun dubi aikinsu ne suka ga inda yake yoyo, suka zauna da abokan aikinsu suka toshe.

Abin da ya faru a Yulin 2017 ya nuna har yanzu ba a rabu da tsohon sikeli ba. Ma'aikatar ilimin firamare, ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthé, ta shirya wa malaman kwantaragi jarrabawa a faɗin ƙasa. Ƙungiyoyin malamai suka yi kiran a ƙaurace, aka yi ta ja-in-ja, sakamakon da gwamnati ta fitar kuma ya nuna wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Masu goyon bayan minista suka ce wanzami ne ba ya son jarfa. Lalle iyaye suna da haƙƙin sanin ko mai koya wa ɗansu karatu shi ma ya iya, kuma ba na ganin laifin gwada malami. Amma a tambaya, wa ya ɗauki waɗannan matasa, da yawansu ba tare da cikakken horo ba, ya tura su aji? Shekara nawa malamin ƙauye ya yi yana sane sarai cewa lissafin aji shida yana kayar da shi, bai sami wanda zai gaya wa ba tare da ya sa kwantaraginsa cikin haɗari ba? Da akwai wannan ƙofa tun farko, da yawancin abin da jarrabawar ta tona an daɗe da jin sa daga bakin masu shi, an kuma magance shi da araha.

Faransa da ta kawo mana maki bisa ashirin ita kanta ta ajiye shi. Tun 2012 ma'aikatan gwamnatinta zama ake yi da su sau ɗaya a shekara, mutum da shugabansa na kusa, a duba abin da aka yi da abin da ya gagara da horon da ake buƙata. Ɗaya daga dalilan shi ne makin ya zama na ladabi, kusan kowa sha takwas ko sha tara yake samu, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne. Ba ina kiran a sake kwafo wata takarda daga Paris ba. A ofisoshin ƙungiyoyi da kamfanonin Yamai an riga an fara raba irin takardun nan masu gurbin ƙarfi da gurbin rauni, kuma inda amana ba ta samu ba mutane sun koyi cika su da maganar da ba ta cutar da kowa. Kirana ga daraktoci da shugabannin sassa ne, da masu koyarwa a ENA da makarantun horar da malamai da na jami'an lafiya. Kafin ku ɗauki alƙalamin maki, ku zaunar da ma'aikaci ku tambaye shi wane ɓangaren aikin nan ya fi ƙwarewa a kai, wanne ne kuma ke ba shi wuya, ku fara da faɗin naku don ya san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ma'aikatar kula da ma'aikata kuma ta rubuta a doka cewa raunin da mutum ya faɗa da bakinsa a wannan zama ba zai shiga kundin ladabtarwa ba, kuma za a tura shi horo a kansa kafin shekara ta zagayo.